Jemammen Jini

Ku matso kusa, masu karatu, amma ku rage murya. Inna na kwance bayan labulen nan, kuma duk rantsuwar da take yi cewa kunnenta ya mutu, in aka soya albasa a gida na uku sai ta gaya muku wa ya ba da rancen man.

Ga wanda yau ya fara leƙo mu: sunana Fulera, ɗiyar Malam Illiya baduku, a tsohon garin Agadas, lungun da in ka ɗaga kai kana ganin kan hasumiya. Uwata ta rasu ina rarrafe. Inna, mahaifiyar Baba, ita ta goya ni. Wanda nake so kuwa sunansa Alkasum, yana aiki a labo, wato ɗakin gwajin jini, a wata likita, asibiti ke nan, da ba zan kama sunanta ba.

A can muka haɗu. Na je gwaji, ya dubi takarda, ya dube ni, ya sake duban takarda.

"O negatif," ya ce. "Kin san ba ku da yawa a garin nan? Ba mu da yawa, ya kamata in ce, don ni ma shi gare ni. Ba ni lambarki, saboda aiki."

Saboda aiki. Ban kai gida ba aikin ya soma: *Kin isa lafiya?*

Sai kun san tsarin gidanmu kafin ku gane abin da ya faru jiya. A wurin Baba, saurayi iyakarsa zaure. Yarinya ta fito da tabarma ta shimfiɗa masa gefen dama, ta kawo ruwa, ta zauna nesa. Ƙofar ciki akwai labulen fata da Baba ya ɗinka da hannunsa, kuma babu namijin da ke tsallake shi sai wanda aure ya haramta tsakaninsa da matan gida. Alkasum ko kallon labulen nan ba ya yi. Inna ce ke ajiye kujerarta a bayansa, wai iska take sha.

Wata la'asar ya zo cikin farin bazan mai ɗinkin ruwan toka a wuya, da takalman da ya saya wurin Baba don neman fada. Fuskarsa ba walwala. Da ma an yi masa alkawarin ƙaro karatu a waje, sai sojoji suka karɓi mulki, aka rufe iyakoki, masu alkawarin suka tattara nasu suka tafi. Ranar ne ya tabbatar maganar ta mutu.

"Angona," Inna ta ce daga bayan labule, don haka take kiransa, "karatun mi kuma? Gemu ya fito, ba ka gaji da lekol ba?"

"Inna, wani aiki ne nake so in koyo. Kin ga jajayen ƙwayoyin da ke cikin jini, kowace da ɗan abu a bayanta, kamar gashi a bayan fata. Masu A da irin nasu, masu B da irin nasu. Mu masu O ba mu da shi. Shi ya sa in an zuba mana na A, jikinmu sai ya ga baƙo ya tashi da faɗa, har a rasa rai. To masu bincike sun samo wani abu, anzim sunansa. A zuba shi cikin ledar jinin A, ya aske gashin nan, a wanke, jinin ya koma kamar O."

Kujerar Inna ta yi ƙara. Ta matso.

"Wato jima ake masa."

"Kusan haka ne, Inna."

"A ina ake samo majemin?"

"A jikin wasu ƙananan halittu da ke zaune cikin hanjin mutum."

Muka ji ta tofar da yawu. "Ni da ma na sani. Abu ba ya yin kyau haka a rasa ƙazanta a gindinsa."

Ya yi dariya, ta farko tun zuwansa. Sannan ya ce, "Amma fa gwaji ake har yanzu, can nesa. Ko su ba su fara ba kowa ba. Mu nan, tun da aka rufe iyaka, ko ruwan gwaji da ƙyar muke samu."

Wannan na ƙarshen ne kunnen Inna ya zaɓa ya mutu a kai.

Bana kun san sama ta ƙi. Ƙoramar Telwa ko ƙafar akuya ba ta jiƙa ba. Makiyaya sun cika bakin gari da dabbobin da ba mai saye, Baba kuma fata ta yi masa yawa, masu sayen takalmi sun ɓace. A cikin haka muka je suna garin Cirozerin ni da Inna. A dawowa wani ramammen raƙumi ya faɗo kan hanya, direba ya kauce, mota ta kife. Inna ko ƙwarzane ba ta yi ba, sai goronta da ya watse, har yau tana makokinsa. Ni ƙarfe ya yanke ni a cinya. Abu na ƙarshe da na tuna shi ne sojojin shinge suna ɗaga ni zuwa bayan motarsu, mayafina ruwan goro ya koma baƙi.

Abin da ya biyo baya ban gani da idona ba. Inna ce ta ba ni, ni kuma na tace muku da rariya.

An ce sai an ƙara mini jini, kuma da sauri. A firiji babu O negatif ko leda ɗaya. Aka gwada Baba, A ne. Aka gwada ƙanensa da yaran shago, babu wanda ya dace. Alkasum ya fara naɗe hannun rigarsa. Sai Baba ya kama masa wuyan hannu. Tun da suke, ranar ce farko da ya taɓa shi.

"Kowa," Baba ya ce. "Ban da kai."

Kada ku yi saurin zagin Baba. Yana da ƙanwa, Goggo Mariya, wadda ni ban taɓa gani ba. Ta yi aure, ta haifi ƴaƴa, suna zaune lafiya, sai wata tsohuwa a kan gadon mutuwa ta tuna cewa ita ta shayar da su duka biyu, Goggo da mijinta, wata shekara ta yunwa da nonon iyayensu ya ƙafe. Aka raba auren. Baba da kansa ya raka ta tasha, ta hau motar Dirku, ba ta sake dawowa ba. Tun daga nan ya riƙe a ransa cewa duk abin da ya fita daga jikin wani ya shiga na wani ya haɗa su ƴan'uwantaka. In nono ya yi, jini ya fi.

Baba ya fita kasuwa neman mutane. Yana fita likita ya leƙo ya ce ba za a iya jira ba.

Inna ta bi Alkasum har bakin firiji, ta nuna wata ledar jini. "Wancan fa?"

"A negatif ne, Inna."

"To jeme shi."

"Na gaya miki babu abin a ƙasar nan."

"To mi ya rage?"

"Ni."

Inna ta ce ta dube shi, ta tuna Mariya, ɗiyar da ta haifa, ta kuma tuna ni kwance leɓena fari kamar gishirin Bilma. Sai ta ce, "Ni kunnena ya daɗe da mutuwa. Yau idona ma ba ya gani." Ta juya baya ta tsare ƙofa.

Da Baba ya dawo da makiyaya biyu waɗanda su kansu jinin bai ishe su ba, ya tarar da leda a rataye tana ɗiga cikin hannuna.

"Na wa?"

Alkasum na jingine da bango, hannun rigarsa a sauke, a ɓalle har wuyan hannu cikin wannan zafin. Ya buɗe baki. Inna ta riga shi.

"Na wani baƙo ne, mai A. Yaron nan ya jeme shi da abin da ya karanto. A gabana aka yi."

Baba ya dubi Alkasum. Alkasum ya dubi ƙasa, kamar yadda kowane saurayi ke yi gaban suruki. Baba ya ɗauki shirun a matsayin kunya, ya ɗaga hannu ya yi hamdala.

Aka dawo da ni gida, ɗakin Inna, kan gadon ƙarfenta mai rumfa, ƙarƙashin jeren kwanonin da ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba. Hanta da safe, zogale da rana, cukui da dabino a ƙarƙashin matashi. Baba ya sake gaba ɗaya. Shi da ya yi ta jan maganar aurenmu, da bakinsa ya ce bayan Sallah.

Da Inna ta tsaya nan, da yanzu ina ba ku labarin lalle. Amma ƙarya ta yi mata daɗi a baki. Kun san yadda layin pampo yake bana, mata zaune kan bidon, wato jarkokinsu, tun safe suna jiran ruwan da ba ya zuwa, ba abin yi sai hira. Inna da ba ta ɗaukar ko buta ta koma zuwa kullum. Ranar farko jinin na wani baƙo ne. Kwana kaɗan ya zama na wani kyaftin. Daga baya har kumfa ya yi da aka zuba majemin, ya yi fari, ya sake yin ja, Alkasum na tsaye yana juya shi da cokalin azurfa. Mata suka fara leƙo ɗakinmu, wai dubiya, alhali so suke su ga ko na canza kama.

Ni ma na yarda da farko. Sai ranar da Inna ke shafa mini man kaɗe a ƙafa, ta kasa riƙewa, don sirri a cikinta kamar garwashi ne a tafin hannu.

"Ke, ba ki ji kin fara son shayi mai ɗaci ba? Irin na angona?"

Na dube ta. Ta ƙyafta ido. Sai na gane.

Na ɗauki waya na rubuta wa Alkasum.

*Naka ne?*

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa. *Nawa ne.*

*Me ya sa ba ka gaya mini ba?*

*Kina jinya. Kuma ban so ki ji kamar dole ki so ni.*

*Na roƙe ka kada Baba ya ji. Ka san Goggo Mariya.*

*Na tambayi malamai, Fulera. Sun ce jini ba nono ba ne, ba ya haramta aure.*

*Baba ba da malamai yake ba. Da abin da ya gani yake.*

Sai ya rubuto: *In ba a tambaye ni ba, ba zan yi magana ba. In an tambaye ni, ba zan yi ƙarya ba. Amma ki ce wa Inna ta bar pampo. Yau mutum biyu sun zo labo neman jima.*

Na gaya mata. Ta ce ita ruwa take zuwa nema.

Ku da ke karantawa, na san wasunku za su ce ai sai in fito in faɗa wa Baba da kaina. Na shirya maganar sau da yawa. Amma duk lokacin da ya shigo ya tsuguna bakin gado ya ce, "Ɗiyata, yaya ƙafar?" sai in ga mutumin da ya tsaya a tasha yana kallon motar Dirku, maganar ta koma ciki.

Jiya bayan la'asar Baba ya aika aka kira Alkasum. Al'adarsa ce, duk wanda zai auri ɗiyar gidan nan, shi ke yi masa takalmin ango. Na sa atamfata mai ganye shuɗi, na daure na taka da sanda har bayan labule, kusa da kujerar Inna. Ta wata ƴar ɓula a ɗinkin nake leƙe. Baba ya shimfiɗa jar fata mai laushi, wadda ya ɓoye tun kafin kasuwa ta mutu. Alkasum ya cire takalmi ya ɗora ƙafar dama, kansa a sunkuye, Baba na zagaya ta da bakin almakashi a hankali.

Sai ga sallama. Illo ne, maƙwabcinmu mai gyaran babur, hannunsa duk baƙin mai. Ya tsuguna ya gaida Baba, ya juya ga Alkasum.

"Likita, Allah ya sa na same ka. Hauwa ce, matata. Sun ce yaron ya kwanta a gicciye, sai an yi mata aiki jibi. Jininta O ne, sun ce in kawo masu ba da jini tun kafin a shiga."

"Ka samu?"

"Ƙannenta biyu sun zo daga daji, an gwada, sun dace. Amma ka san halin da ake ciki, ba kowa a rijiya, dabbobin da suka rage za su mutu. Na sallame su da hantsi. Na ce musu muna da mai jima a unguwa, ko nawa ne a ɗiba, ni B gare ni, ka gyara mata."

Almakashin Baba bai tsaya ba. Kusa da ni Inna ta daina tauna goro.

"Illo," Alkasum ya ce, "ka kira su su dawo."

"Ba rezo a inda suke, waya ba ta shiga."

"To ka hau babur ka bi su. Yanzu. Ba na jima. Babu mai yi a ƙasar nan."

Illo ya yi murmushi irin na wanda ya saba ciniki. "Haba likita. Duk gari ya san abin da ka yi wa Fulera."

"Ba yadda aka faɗa ba ne."

"In don abin hannu ne, ka faɗa, babur ɗina na nan." Ya matso kusa da shi. "Ko don ni ba surukinka ba ne? Ɗiyar Malam ce kawai ke da rai? Hauwa ta yi ɓari biyu, likita. Wannan ne ya tsaya."

Na ga Alkasum ya rufe ido. Na so in yi tari, in jefar da sanda, in yi komai. Ban yi ba. Hauwa ce ta yi mini kitso ina kwance.

"Ba jemamme aka sa wa Fulera ba," ya ce. "Nawa ne. Daga hannun nan aka ɗiba, kuma lokacin sake ɗiba bai yi ba. In ka bari aka shiga da Hauwa ba jini a ajiye, ba abin da zan iya yi mata. Tashi ka bi su."

Illo ya dube shi, ya dubi Baba, ya gane ya taka abin da ya fi ƙarfinsa. Ya miƙe ba sallama. Muka ji babur ya tashi ya nufi arewa.

Baba ya ƙarasa zagaya diddigen. Ya ajiye almakashi.

Inna ta ɗaga labule ta fito, abin da ba ta yi in da baƙo. "Illiya, ni na ƙulla. Yaron nan bai ce uffan ba. Ɗiyarka ce ke tafiya, ni kuma na riga na ba hanya ɗiya ɗaya."

"Na ji, Inna."

"Baba," Alkasum ya ce, muryarsa ƙasa, "na tambayi malamai. Sun ce ƙarin jini ba shayarwa ba ne."

"Ni ma na tambaya, tun tana kwance. Haka liman ya ce mini." Baba ya shafa fatar da tafin hannu. "Ban fi shi sani ba. Amma Mariya ma da malamai aka ɗaura nata. Ni ne zan aurar, ni ne zan kwana da shi a raina. Abin da ya bi ta baki ya raba mata gida, ina ga wanda aka zuba a jijiya?"

Ya miƙe. Na ja da baya da sauri, ƙafata ta yi tsami. Baba ya zo ya kama labulen fata da hannunsa ya ɗaga shi sama, har hasken tsakar gida ya faɗa cikin zaure. Ga ni tsaye da sanda, ga tukunya a murhu, ga zannuwanmu a igiya, duk abin da Alkasum bai taɓa gani ba.

"Allah ya raya mini ɗiya ta hannunka," Baba ya ce. Babu fushi a muryarsa, wannan ne ya fi ba ni tsoro. "Ba ni da abin da zan biya ka. Daga yau kai ɗan gidan nan ne. Shiga. Ƙanwarka na ciki, ka gaishe ta."

Kun gane ko? Taku ɗaya ne. In ya tsallake, ya karɓa, kuma ba wanda zai ce an kore shi. Za a ma yi ta yabon Baba a unguwa.

Alkasum ya dubi dokin ƙofar. Ya ɗago ya dube ni, karo na farko a gaban Baba. Sannan ya sunkuya ya mayar da takalminsa.

"Na gode, Baba. Amma ni a nan zan tsaya."

Ya taka zuwa gefen dama, inda nake shimfiɗa masa tabarma. Babu tabarma, ƙasa ce tsirara. Ya tsaya a kai, hannuwansa a haɗe a gaba.

Baba bai saki labulen ba. Inna, wadda tun da aka haife ni ban ga bakinta a rufe ba, ta kama shi da gefen mayafi.

Tabarmar na jingine a bango kusa da ni, mai jan baki, wadda ba a shimfiɗa wa kowa sai shi. Ban san lokacin da na jingine sanda ba. Na ɗauke ta, na ja ƙafa, na sunkuya na wuce ta ƙarƙashin hannun Baba. Rigarsa na warin fata da bagaruwa kamar kullum. Na shimfiɗa. Na koma ta ƙarƙashin hannun nan na ɗebo ruwa a randa, ruwan da aka yi wuni ana jira a pampo, rabinsa ya zube a hanya. Na ajiye gabansa, na ja nesa na zauna inda na saba.

Alkasum ya zauna. Ya ɗauki kwanon ya sha.

Sai a lokacin Baba ya saki labule. Ya sunkuya ya ɗauki jar fatar, ya daɗe yana kallonta. Akwai kwandon da yake jefa yankakkun da ba su da amfani, yana nan bakin ƙofa. Ya wuce shi. Ya naɗe fatar ya sa a hammata ya fita masallaci, bai dubi kowa ba.

Yau da hantsi Illo ya dawo da ƙannen Hauwa a bayan babur, su uku, fuskokinsu sun yi fari da ƙasa. Inna ba ta je pampo ba. Baba bai yi mini magana ba, bai kuma hana ni komai ba.

Da ya fita na leƙa shago. Fatar na kan benci, a buɗe, an danne gefunanta da duwatsu kada ta naɗe. Ƙafa ɗaya ce a jikinta, ta dama. Gefen da ta hagu za ta zauna babu ko ɗigo, amma bai yanke shi ba.